Mutumin da Ya Mutu a Shafi na Arba'in

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe goma da kwata na safe, a teburin da ke kusa da firinta, ofishin mujalla.

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan kina lafiya, da shago, da ƙafar nan da Mama ta ce tana damunki idan an yi ruwa. Mu nan kowa lafiya, in ban da Mama da ta yi mura makon jiya, ta kuma warke.

Wataƙila ba za ki gane ni ba, don haka bari in yi bayani. Kakarki da kakar Mama uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ke da Mama kun tashi gida ɗaya, daga baya kuka zauna ɗaki ɗaya a kwaleji. Ni ne ɗanta na fari. Sau ɗaya muka haɗu, ina shekara shida, kika ba ni jan maɓalli daga shagonki kika ce kuɗi ne. Na kai wa mai alewa.

Na gama jami'a bara, yanzu ina aikin gwaji a wata mujalla. Mu uku aka ɗauka, kujerar kuma ɗaya ce. Edita ta ba kowannenmu aiki, ta ce ranar talatin ga Afrilu za ta karanta, wanda nasa ya yi shi zai zauna. Nawa aikin shi ne in gano abin da ke sa marubutan ƙagaggun labarai su fara rubutu, da abin da ke sa wannan ya kama soyayya, wancan barkwanci, wani kuma kisan kai. Tana da doka ɗaya: duk abin da mutum ya faɗa game da rayuwarsa, sai an samu mutum na biyu ya tabbatar kafin a buga.

Na rubuta wa marubuta huɗu. Biyu ba su amsa ba. Ɗaya ya ce in sayi littattafansa, amsar tana ciki. Na huɗun ashe ya rasu tun shekara uku, abin da ban sani ba sai bayan na aika masa tuni sau biyu.

Mama ce ta ce, "Ga Innarka can ta kashe mutum ya fi ɗari a takarda, ka tsaya kana roƙon bare." Na duba. A littattafanki goma sha biyar da na samu, mutum hamsin da uku ne, ba ɗari ba. Na farkon ne kawai ban samu ba, masu sayarwa sun ce ya ƙare tuntuni.

Mama ta ce ba kya ɗaga waya sai in rasuwa aka yi, shi ya sa na ba direban da ke kai miki zare wannan takarda. Tambayata biyu ce: me ya sa kika fara rubutu, kuma me ya sa kisan kai? A binciken da na yi na kammala jami'a na samu dalilai huɗu: raunin yarinta, yawan karatu, neman abinci, da son gyara al'umma. In ba damuwa, ki faɗa mini wanne ne naki.

Ɗanki mai biyayya.

*

Alhamis. Ban duba agogo ba.

Ɗana,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa da sauƙi, shago sai godiya. Ka ce wa uwarka murar nan alhakina ne, shekara biyu ba ta leƙo ni ba.

Na gane ka sarai. Kai ne mai kunnuwan nan da ya dawo yana tambayata ko ina da wani maɓallin da masu alewa suka sani.

To buɗe kunnuwan. Ina 'yar shekara tara malaminmu ya aike ni in ɗauko alli a ɗakin da ake tara karyayyun benci, can bayan aji. Na tura ƙofa, sai ga mutum kwance a ƙasa, ba ya motsi. Ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Ban yi ihu ba. Na tsaya ina kallon ƙafar da ba takalmi, ina tunanin ina ɗayan ya shiga. 'Yan sanda suka zo, suka yi rubuce-rubucensu, suka tafi. Har yau ba a san ko wane ne shi ba, ba a kuma ga takalmin ba.

Tun daga ranar nake nemansa. Duk littafin da ka ga na rubuta, takalmin nan nake nema.

Ka sa wannan a dalilinka na ɗaya. Ka kuma riƙa cin abinci, rubutunka ya yi kama da na mai jin yunwa.

Innarka.

*

Laraba, 12 ga Maris, ƙarfe ɗaya, lokacin hutun rana.

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗin sauƙin ƙafa. Mama ta ce in gaya miki hanya ba ta fi tsawo daga nan zuwa can ba a kan daga can zuwa nan. Ina cin abinci, yanzu ma burodi ne a gefena.

Amsarki ta hana ni zama. A ranar na rubuta shafi biyu, na sa musu kan magana, na kai wa Edita. Ta karanta tana gyaɗa kai, ta ce, "Ya yi kyau. Wa ya ga gawar bayan ita?"

Na tuna Mama makarantarku ɗaya, sai na karanta mata da yamma tana wanke kwanuka. Ta yi dariya har tarin da ya tafi ya dawo. Ga abin da ta ce, kalma da kalma: "Akuyar mai gadi ce. Kuma ba mutuwa ta yi ba, barci take. Innarka ta yi ihun da ya sa aka tashi makaranta gaba ɗaya."

Na tambaye ta batun takalmi. Ta ce lallai akwai takalmi ɗaya, na hedimasta ne, akuyar ta cinye rabinsa kafin barci ya ɗauke ta. Saboda haka ɓangaren takalmi ya tabbata, haka ma ɗakin benci da alli. Mutumin da 'yan sandan ne ba su tabbata ba.

Ban ce kin yi kuskure ba. Shekara tara ƙuruciya ce, kuma na karanta cewa tunani yana canza abu. Amma Edita ta maido mini da shafukan, ta ce mujallarta ba ta buga akuya a matsayin mamaci. Ko akwai wani dalilin da zan iya samun shaidarsa?

Ɗanki.

*

Lahadi.

Malam Hujja,

Daga yau sunanka ke nan a wurina. Muna lafiya. Jiya wata ta dawo mini da zif ta ce gajere ne, na ce mata ba zif ne ya ragu ba.

Uwarka tun tana yarinya take ɓata wa mutane labari. Kana cikin ba da shi da daɗinsa, sai ta ce ai ba ranar Talata ba ne. Ashe ta haifa.

Tunda akuya ba ta yi muku ba, ga na gaskiyar. Kakana na wajen uba ɗan sandan ciki ne, irin waɗanda ba sa saka kaki. Da yamma yakan tara mu, ya jera kofi uku a tabarma, ya ce wannan matar mamaci ce, wannan ƙaninsa, wannan mai gidan haya, ku faɗa mini wanda ya yi. Wanda ya canka shi zai sha shayin da ya rage. Ni kullum nake sha. Ran da zai rasu ya kama hannuna ya ce akwai kisa ɗaya da ya gagare shi, ya buɗe baki zai faɗa mini, sai rai ya yi halinsa.

Ka ga ai dole in yi rubutu. Wannan uwarka ba ta da ta cewa, ba kakanta ba ne.

Innarka.

*

Juma'a, 21 ga Maris, ƙarfe huɗu saura minti goma.

Inna,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya. Na karɓi sunan, ko da yake ban tabbata yabo ba ne.

Wannan karon ban kai wa Edita ba sai da na bincika. Gaskiya ne ba kakan Mama ba ne, amma ta san shi, don a zauren gidanku yake aiki. Ta ce tela ne. Ta ce alaƙarsa da 'yan sanda ita ce shi ke rage musu tsawon wando. Ta nuna mini hoton da aka ɗauka a ƙofar gidan, yana zaune gaban keken ɗinki da tef a wuya. Na ce mata wataƙila ɓad da kama ne, tunda ɗan sandan ciki ne. Ta ce in haka ne ya iya ɓad da kama, shekara arba'in yana yi har ya makance a kan allura.

Kofi uku sun tabbata. Ta ce a cikinsu yake raba maɓallai, manya da matsakaita da ƙanana.

Inna, saura mini mako biyar da 'yan kwanaki. Ɗaya daga cikin abokan gwajina, wani dogo da ke zama kusa da taga, ya riga ya miƙa nasa, a kan masu gyaran agogo, kuma kowane mai gyara ya zo da shaidarsa har da rasit. Ni abin da na tara zuwa yanzu shi ne rabin takalmi da kofi uku.

Ina roƙonki wannan karon ki faɗa mini gaskiya, don ba zan iya ci gaba da tara ƙarya ba.

Ɗanki.

*

Talata, 8 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe.

Inna,

Ina gaishe ki, ina kuma fatan shirun nan ba na rashin lafiya ba ne. Mu muna lafiya.

Direba ya je sau biyu ya dawo hannu rabbana. Na tare shi a tasha na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce kin karɓi takardar, kin karanta a tsaye, kin ninke ta, kin ce "To." Na tambaye shi wane irin "to", mai tsawo ko gajere. Ya ce shi direba ne, ba ya auna wa mutane magana.

Na sake karanta kwafin wasiƙata, na ga inda matsalar take. Layin ƙarshe ne. Ba ke nake nufi ba, Inna, tarin takardun da ke kan teburina nake nufi. Da na sani da na rubuta "bayanan da ba su samu shaida ba". Ina roƙon ki soke waccan kalmar ki sa wannan a wurinta. Mama ta ce ban kyauta ba, ta ce ita ma da take ɓata miki labari ba ta taɓa kiransa da sunansa ba.

In kin fasa taimaka mini, na fahimta. Ki dai aiko da kalma ɗaya in san kina lafiya. Ko "to" ɗin ce, a rubuce.

Ɗanki mai neman afuwa.

*

Ranar da direba ya zo.

Malam Hujja,

Lafiyata lau. Na yi fushi, kwana biyu. Sai na ga asara ce in bar shi ya huce a banza, na ɗauko biro na zuba shi a takarda. Shi ya sa ka ji ni shiru. Rabon da rubutu ya zo mini haka tun kafin ƙafar nan ta fara.

Ka ce ƙarya. Shekara ashirin da shida mutane suna cire kuɗinsu suna sayen abin nan da ka kira ƙarya, wasu har su zo shago su yi mini faɗa don na kashe wanda suke so. Na ba ka labari biyu masu kyau, kyauta, ka kai wa uwarka ta yanka. To ga na ukun, ba shi da daɗi, shi ya sa ban taɓa ba kowa ba.

Ni soyayya na zauna rubutawa. A lokacin ita ake saye, ni kuma ina son in ga sunana a bango. Na samu yarinya, na samu gida, saura saurayi. Sai na ɗauko wani da na sani, don yana da tsabta kuma yana zuwa a kan lokaci. Na zaunar da shi kusa da yarinyar na ce to, faɗa mata. Ya buɗe baki, sai ya fara bayanin yadda ruwa ke hawa bene a cikin famfo. Na yaga shafin, na sake zaunar da shi. Ya yi mata bayanin dalilin da ya sa aka canza wa motar haya hanya. Na kai su bakin kogi da yamma, rana tana faɗuwa, ya ce mata wannan kogin zurfinsa bai kai yadda mutane ke faɗa ba.

Ɗana, na yi iya ƙoƙarina. Ba ni ke sa shi ba, haka yake fitowa. A shafi na arba'in na gaji, na sako masa tankin ruwa daga saman bene.

Na ji sanyi a raina kamar na sauke kaya. Sai kuma na duba, ga gawa a tsakar gida, ga shafi ɗari da ban cika ba. Dole wani ya zo ya tambayi wa ya ture tankin. Ka ji yadda aka yi. Ban zaɓi kisan kai ba, na rasa yadda zan sa mutum ya yi shiru ne. Har yau haka nake aiki: in ɗauko wanda ya ishe ni, in ba shi dama har shafi na arba'in.

Ban san a wanne cikin dalilanka huɗu za ka sa wannan ba. Ka kai wa uwarka, in ta ce akuya ce ka faɗa mini.

Af, na sa ka a sabon littafin. Wani yaro ne mai kunnuwa da ke bin mutane da tambaya. Kana shafi na talatin da takwas.

Innarka.

*

Alhamis, 17 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na safe, kafin kowa ya zo ofis.

Inna,

Na gode da afuwa, in afuwa ce. Ina fatan kina lafiya. Hankalina ya kwanta da na ga rubutunki, ya sake tashi da na kai layin ƙarshe.

Na karanta wa Mama jiya. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta ajiye wuƙar da take yanka albasa, ta leƙa falo, ta turo ƙofar kicin, ta ce, "Wannan gaskiya ne. Ina kan gado ina jinta tana yaga takarda tana tsaki. Ran da ta sako tankin har rawa ta yi."

Na ji daɗi ƙwarai. Na ce mata saura abu ɗaya, ko ta san mutumin da kika ɗauko.

Ta ce, "Ga shi can yana gyara rediyo."

Inna, Baba ne. Baba da ya yi shekara talatin a hukumar ruwa. Ya kamata in gane tun daga famfon, don ni ma an yi mini wannan bayanin, sau da yawa. Mama ta ce wurinta yake zuwa a lokacin, ya zauna a bencin barandar ɗakinku, ke kuma kina ciki kina jin komai ta taga.

Yanzu ga halin da nake ciki. A karo na farko ina da magana mai shaida biyu. Na gaya wa Edita a taƙaice, ta cire tabarau ta ce wannan shi ne labarin, in zubar da dalilaina huɗu. Amma ta ce tunda mutumin yana raye, sai an ji ta bakinsa, kuma sai ya yarda. Na ce ko za a ɓoye ko wane ne. Ta ce, "Marubuciya ta kashe wani mutum, wannan kowa ya sani. Marubuciya ta kashe uban wanda ke rubuta labarin, wannan shi za a karanta."

Baba tun da na fara aikin nan yake sayen mujallar, kwafi biyu, ɗaya na karatu ɗaya na ajiya. Ya gaya wa duk layinmu cewa sunana zai fito. Yaya zan zauna gabansa in ce masa abin da zai fito shi ne surutunsa ya sa an sako masa tanki? Mama ta ce ba ruwanta, ita ba ta taɓa gaya masa ba, littafin ma ba ta bari ya shigo gidan ba.

In na fasa, ba ni da komai sai takalmi da kofi. In na yi, ban san da wane ido zan kalle shi ba. Saura kwana goma sha uku.

Sannan, don Allah, batun shafi na talatin da takwas. Na fahimci cewa shafi biyu suka rage mini. Ina so in san ko akwai abin da zan gyara.

Ɗanki.

*

Asabar.

Malam Hujja,

Lafiya lau. Ka je ka tambaye shi. Ka je da abinci a cikinka, ka kuma zaɓi kujera mai daɗi, don za ka daɗe.

Batun shafi, wa ya ce maka gawa ce kawai ke cikin littafi? Ka cika saurin ɗaukar wa kanka matsayi. Ban yanke ba tukuna.

Innarka.

*

Laraba, 30 ga Afrilu, ƙarfe biyar da rabi na yamma, a teburin da ke kusa da firinta.

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Kowa lafiya.

Na yi kwana uku ina zagaye Baba. Ranar Talata ta makon jiya na same shi a baranda yana goge tabarau, na zauna na ce, "Baba, akwai wani littafi da Inna ta rubuta tun da daɗewa."

Ya ce, "Na tankin?"

Na tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ya ce ya saye shi a makon da ya fito, ya karanta a ofis don kada Mama ta gani ranta ya ɓaci. Wato shekara ashirin da shida kowannensu yana ɓoye wa ɗayan littafi ɗaya.

Na tambaye shi ko ya ji haushi. Ya ce ƙwarai kuwa. Ya ce tankin da kika kwatanta, in cike yake da ruwa, mutum ɗaya ba zai iya ture shi ba, ko da ƙato ne. In kuma babu ruwa a ciki, ba zai kashe mutum ba, sai dai ya ji masa ciwo a kafaɗa. Ya ce kuma kin sa shi ya faɗi zurfin kogin ba daidai ba, shi bai taɓa cewa haka ba, mutane za su ɗauka bai san aikinsa ba. Ya ce ya rubuta miki wasiƙar gyara mai shafi goma sha ɗaya a shekarar, har yau yana jiran amsa.

Na ce, "Baba, ba kisan ne ya dame ka ba?"

Ya ce, "Kisa ai ra'ayinta ne. Tanki kuwa lissafi ne."

Daga nan ya yi mini bayanin nauyin ruwa. Na zauna da la'asar, na tashi an kunna fitilun titi. Kujerar da na zaɓa ba ta da daɗi.

Ya yarda a buga, da sharaɗi ɗaya: a sa gyaransa. Na rubuta labarin, na sa akuyar da telan a farko kamar yadda kika ba ni su, da abin da Mama ta ce a ƙarƙashin kowanne, sannan tankin, sannan Baba. Gyaran nasa ya zo shafi huɗu. Edita ta mayar da shi layi uku, ya ce zai rubuta mata.

Yau ƙarfe uku ta kira mu ɗaya bayan ɗaya. Dogon nan an tura shi sashen talla, ya ce dama can ya fi so. Ni ta ce in zo ranar Litinin, in kuma daina tsayawa a ƙofarta ina jiran ta ɗago kai, in riƙa ƙwanƙwasawa. Na tambaye ta ko wannan yana nufin an ɗauke ni. Ta ce, "Kana son mutum na biyu ya tabbatar?" Na ce a'a, amma a raina da na so.

Baba ya ba ni littafin, ashe yana cikin akwatin takardun fanshonsa. Na karanta shi a zama ɗaya. Na gode, Inna. Saboda tsari, ga abubuwan da har yanzu ban sani ba:

Ko kin karanta wasiƙar Baba mai shafi goma sha ɗaya, kuma in kin karanta, a shafi na nawa kika tsaya. Ya ce in tambaya.

Ko sauran hamsin da ukun su ma 'yan uwa ne. Akwai wani mai gidan haya a littafi na shida da yake tari irin na kawun Mama.

Ko sauran marubuta su ma haka suke zaɓar abin da suke rubutawa, ko ke kaɗai ce. Mutum ɗaya bai isa a yanke hukunci ba.

Shafi na nawa nake yanzu.

Na ƙarshe ba ke zan tambaya ba, amma ke ce kika jawo shi. A ƙarshen littafin, wadda ta ture tankin ita ce yarinyar da yake zuwa wurinta. Mama ta ce ta san haka tun kafin a buga, ke kika karanta mata, kuma ita ta ce miki a bar shi haka, ya yi daidai. Wata huɗu bayan nan ta auri Baba. Na tambaye ta dalili. Ta ce a ranar da ya fara zuwa ya ce mata akwai wata muhimmiyar magana da yake son faɗa mata, amma bari ya fara da bayani. Ta ce ita tana nan tana jira ya iso wurin.

Ɗanki, Malam Hujja.